Kuɗin Jirgin Ƙasa a Sudan: Abin da Ake Biya da Abin da Ake Samu

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Khartum, mutanen da yaƙi ya tarwatsa suke ta komawa gida. Wasu daga Masar suke tahowa, wasu daga Bur Sudan, wato tashar jiragen ruwan da kafafen labarai ke kira Fot Sudan, wasu kuma daga Atbara da Kasala da Gadarif. A cikinsu akwai 'yan uwanmu Hausawa na Khartum da Umdurman, har da mazauna Alshajara, unguwar nan ta kudancin Khartum da ke bakin Farin Nilu, wadda ta sha wuta sosai saboda a nan barikin sojojin tankokin yaƙi yake. Kafin magidanci ya kai ga tunanin gyara rufin ɗakinsa, tambayar da ke gabansa ita ce, da nawa zan kai iyalina gida?

Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan kuɗin jirgin ƙasa na tafiya mai nisa. Sudan tana da layin dogo da ya haura kilomita 4,000, yana cikin mafiya tsawo a Afirka, amma a ranar da aka fi bukatarsa bai yi wa mutanen Khartum rana ba. Abin da muke so mai karatu ya fita da shi daga wannan bayani shi ne, kuɗin da aka buga a jikin tikiti ba shi ne duk abin da tafiyar ta ci ba, kuma ba shi ne duk amfanin da fasinja ya samu ba. Wanda bai san haka ba zai iya yin murna da arahar da ke kashe jirgin a hankali, ranar da jirgin ya tsaya kuma ya biya ninkin-ba-ninkin a tashar mota.

Dogon da ya ɗauki kakanninmu

Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mafi yawan dogon da Sudan ke da shi yanzu, kuma don yaƙi suka fara shi. A 1897 rundunar Janar Kitchener ta jawo layi daga Wadi Halfa, ta ratsa hamada da shi zuwa Abu Hamad. Ya iso Atbara a 1898, ya kai Khartum Bahri a ƙarshen 1899. Daga nan sai lissafin kasuwanci ya shigo. Aka haɗa Atbara da gabar Bahar Maliya a 1906. Aka ja layi kudu ta Wad Madani da Sinnar, ya haye Farin Nilu a Kosti, aka buɗe shi har Al-Ubayyid a 1912, kusan lokaci ɗaya da dogon Legas ya iso Kano. Faɗin layukan biyu ma ɗaya ne, milimita 1,067. Daga baya dogo ya kai Kasala a 1924, ya wuce Gadarif ya haɗe da Sinnar a 1929, ya kai Niyala ta ƙasar Darfur a 1959.

Tsakanin Kano da Al-Ubayyid kuwa babu dogo. Maniyyaci zai bi ta Borno, ya shiga Wadai, ya ratsa Darfur, a ƙafa ko a kan jaki ko raƙumi, daga baya kuma a bayan babbar mota. Sai ya iso Al-Ubayyid sannan ya ga tashar jirgi. Daga nan zuwa bakin teku ta hanyar Khartum da Atbara akwai kusan kilomita 1,500. Mai tafiya a ƙasa da iyali, in yana cin kilomita 25 a yini, sai ya yi wata biyu. Jirgi kuwa a 'yan kwanaki zai sauke shi kusa da inda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda. To ka ga tikitin nan wata biyu na wahalar tafiya yake saya wa mutum.

Sai dai wanda guzurinsa ya ƙare a hanya ba shi da kuɗin tikitin. Shi ya sa da yawa suka tsaya neman kuɗin jirgi. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira sun bukaci ma'aikata, Hausawa da Fulani da Barebari suka shiga tsinkar auduga. Wasu suka yi ƙwadago a gonakin dawa da riɗi na Gadarif, wasu suka yi ga-ruwa da ƙananan sana'o'i a birane. Tsayuwar wata uku ta zama shekara uku, aka yi aure, aka hayayyafa. Gaskiya ne akwai waɗanda hijira ce ta kawo su bayan yaƙin Burmi na 1903, kamar jama'ar da suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Amma unguwannin Hausawa da yawa a garuruwan da dogo ya ratsa, masu tara kuɗin hanya ne suka kafa su. Saboda haka zancen kuɗin jirgi a Sudan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, yana cikin dalilan zamanmu a ƙasar.

A wancan zamani jirgin yana da darajoji har huɗu, ban da taragon kwana mai gado. Daraja ta huɗu, mai bencin katako da cunkoso, ita ce ta talaka da mahajjaci. Kowa yana isa gari ɗaya a lokaci ɗaya, amma mai hali ya biya da yawa, mai ƙaramin ƙarfi ya biya kaɗan. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ke cikin kuɗin tikiti?

Idan mutum ya miƙa kuɗi aka ba shi tikiti, abubuwa huɗu yake taimakawa a biya.

Na farko shi ne hanyar kanta. Dogo yana cin kuɗi ko jirgi ya bi ta kansa ko bai bi ba. A arewacin Sudan rairayi yana binne shi, sai an sa ma'aikata suna kwashewa. Da damina ruwa yakan cika kwaruruka ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Katakan da aka ɗaure ƙarfen a kansu suna ruɓewa, gadoji suna bukatar dubawa.

Na biyu ma'aikata ne: direba, mai duba tikiti, shugaban tasha, mai juya layi, makanikai. A kan wannan aiki garin Atbara ya ginu, a nan hedkwatar hukumar jiragen ƙasa da manyan wuraren gyaranta suke, har ake yi masa kirari da garin ƙarfe da wuta.

Na uku man dizal. Na huɗu kuma kan jirgi da taragai da kayan gyara, waɗanda daga waje ake sayo su, da dala.

Mafi yawan waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don fasinja sun yi kaɗan. Bari mu yi misali da lissafi mai sauƙi. A ce jirgi yana da kujeru 300, kuma tafiya ɗaya tana cin fam 3,000 in an haɗa komai. Idan ya cika, kowane fasinja fam 10 ne rabonsa. Idan mutum 150 suka hau, rabon kowa ya zama fam 20. Idan 50 ne, ya zama fam 60. Man da aka ƙona kusan ɗaya ne, albashin direba ɗaya ne, dogon ma ɗaya ne. Ke nan arahar jirgi tana cikin cikarsa, cikarsa kuma tana cikin mutane su yarda cewa zai tashi a kan lokaci.

Akwai kuma abin da fasinja ba ya gani. A ƙasashe irin Sudan, dakon kaya ne yake riƙe da dogo. Auduga da ƙaro da riɗi da gyaɗa da dabbobi suna gangarawa Bur Sudan, man fetur da alkama da sauran kayan shigowa suna haurowa. Kuɗin dakon nan ne yake ɗaukar mafi nauyin gyaran hanya, shi ya sa ake iya barin tikitin fasinja da sauƙi. Duk ranar da kaya suka bar dogo, nauyin hanyar gaba ɗaya ya dawo kan fasinja ko kan baitulmali.

Mai motar safa ba shi da wannan nauyi. Gwamnati ce ta gina titin, ita ke gyara shi, shi dai ya biya haraji da kuɗin shinge ya wuce. Don haka in muka jera kuɗin jirgi da kuɗin mota muna kwatantawa, mu tuna cewa ɗaya yana ɗauke da hanyarsa a ka, ɗayan kuwa an share masa.

Yadda araha ta koma tsada

A farkon shekarun 1970 jiragen ƙasan Sudan suna ɗaukar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara. Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A 1977 aka kammala bututun mai daga Bur Sudan zuwa Khartum, wanda ke zubawa a ma'ajiyar mai ta Alshajara, dakon mai da yawa ya bar taragai. A 1980 aka kammala titin kwalta daga Khartum zuwa Bur Sudan ta Wad Madani da Gadarif da Kasala. Titin ya fi dogo zagaye, don dogo ta Atbara bai kai kilomita 800 ba, titin kuwa ya kusa 1,200. Duk da haka 'yan kasuwa suka koma tirela, saboda mai tirela yana faɗa maka ranar da kayanka za su iso.

Siyasa ma ta yi nata ɓarnar. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Atbara tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar tun shekarun 1940. A 1981 gwamnatin Ja'afar Numairi ta murƙushe yajin aikinsu ta rushe ƙungiyar. Bayan juyin mulkin 1989 aka sallami dubban ma'aikata, cikinsu har da ƙwararrun da suka san injuna ciki da waje. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, wanda ba a ɗage ba sai a watan Oktoban 2017. Kawunan jirgi da yawa ƙirar Amurka ne, sai samun kayan gyaransu ya zama aiki, ana cire na wannan a saka wa wancan.

Sai kuma faɗuwar darajar kuɗi. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ƙasar ke haƙowa, dala ta yi wuya. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta sauya farashin hukuma daga fam 55 zuwa fam 375 a kan dala ɗaya. A watan Yuni na wannan shekara aka janye tallafin fetur da dizal, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 400 cikin 100 a watan Yuli. Mu auna abin da wannan ke nufi ga tikiti. A ce ana sayar da shi fam 550. A tsohon farashin hukuma dala 10 ke nan. A sabon farashi bai kai dala ɗaya da rabi ba. Fasinja yana ganin kuɗin bai canza ba, amma kayan gyaran da kuɗin nan zai iya sayowa sun ragu kusan ninki bakwai.

A nan ne abin yake zama zagaye. Kuɗin shiga ya gaza, sai a jinkirta gyara. Dogo ya lalace, sai a umarci direba ya rage gudu don kada jirgi ya kauce. Tafiya ta ƙara tsawo, lokaci ya daina tabbata, sai mai hali ya koma mota ko jirgin sama. Waɗanda suka rage su ne marasa ƙarfi, wasu ma a kan rufin tarago suke hawa ba tikiti, kamar yadda aka daɗe ana gani a layin yamma. Kuɗin shiga ya sake raguwa. Daga jirgi kullum a koma mako-mako, daga mako-mako a koma sai an ga hali. A ƙarshe talakan da aka ce ana tausaya wa da araha, shi ne ya rasa jirgin gaba ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar dogo, arahar da babu wanda ya cike gurbinta ba ta ma kai mutum gida.

Darasin Jirgin Nilu

A watan Janairun 2014 hukumar jiragen ƙasa ta Sudan ta fara wani sabon jirgin fasinja tsakanin Khartum Bahri da Atbara, tafiyar kimanin kilomita 300, ta Shandi. Jirgin ƙirar ƙasar Sin ne, mai sanyaya ɗaki da kujeru masu kyau, aka sa masa suna Jirgin Nilu. Tikitinsa ya fi na motar safa sauƙi, amma ya fi ta jinkiri sosai. Saboda tsufan dogo ba a barinsa ya yi gudun da aka ƙera shi don yi, sai tafiyar ta ɗauki awa shida zuwa bakwai, alhali mota tana yin ta a kusan awa huɗu.

Duk da wannan jinkiri jirgin ya riƙa cika. Dalilin kuwa ba araha kaɗai ba ce. Yana tashi a lokacin da aka sanar. Kowa yana da kujerarsa. Tsoho yana iya miƙewa ya taka, mai goyo tana da wurin da za ta kula da ɗanta, akwai makewayi. Sannan titin Khartum zuwa Atbara ya yi suna wajen haɗurra, manyan motocin da ke zuwa Bur Sudan suna bi ta kansa dare da rana. Iyalai da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa asibitocin Khartum sun ga cewa ƙarin awa biyu ko uku bai kai darajar kwanciyar hankali ba. Ɗan kasuwa mai sauri kuwa ya ci gaba da hawa mota, kuma shi ma lissafinsa daidai ne.

Abin da Jirgin Nilu ya nuna shi ne, mutane ba su guji dogo don ƙiyayya ba. Rashin tabbas suka guje wa. Da aka ba su jirgi mai tsabta mai cika alƙawari, sun dawo, sun kuma biya.

Ranar da babu jirgi

Yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023. Filin jirgin saman Khartum ya rufe tun ranar farko, jiragen ƙasa suka daina fita daga birnin, hanya ɗaya ta rage, ita ce mota. Mai ya yi wuya, direbobi suna tsoron hanya, kuɗin kujera zuwa iyakar Masar ko Bur Sudan ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki. Masu hali suka fita, marasa hali suka zauna cikin ruwan harsashi, kuma mutanen Alshajara suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana wannan, musamman a watan Agustan 2023 da aka gwabza a kewayen barikin da ke unguwar.

Ɗalibanmu ba za su manta da wannan lokaci ba. Dubban 'yan Najeriya ne ke karatu a Khartum a lokacin, da yawansu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Gwamnatin Najeriya ta sanar cewa dala miliyan 1.2 za ta kashe don hayar motocin safa 40 da za su kwashe su zuwa iyakar Masar. In aka raba, kowace mota ta tashi a kan dala 30,000. Kuma akwai dogo kwance daga Khartum har Wadi Halfa da ke kan iyakar Masar, tafiyar kimanin kilomita 900. Ba ma cewa jirgi zai iya ratsa fagen daga lafiya. Amma jirgi ɗaya mai taragai goma sha biyu yana ɗaukar abin da motoci da yawa za su ɗauka, kuma samuwarsa kaɗai tana hana mai mota yanka farashin da ya ga dama.

An ga ɗaya gefen lamarin a 2025. Daga watan Yuli aka fara tashin jirage na musamman daga tashar Ramsis ta Alƙahira zuwa Aswan, suna ɗaukar 'yan Sudan masu son komawa gida kyauta, daga can kuma a ƙarasa da su zuwa cikin Sudan. Iyalai da yawa da ba za su iya biyan kuɗin hanya ba sun samu komawa. Sai dai mu lura, kyauta ce ga fasinja, amma an ƙona mai, an biya ma'aikata, wani ya ɗauki nauyin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma abin ya yiwu ne saboda Masar ta riƙe dogonta yana aiki kullum, ba a ranar bukata aka fara neman kan jirgi ba.

Yadda za mu auna darajar tikiti

Mu ɗauki magidanci a Alshajara da ke son zuwa Atbara da iyalinsa, a lokacin da jirgi ke aiki. Ga abubuwan da ya kamata ya sa a ma'auni.

Na farko, kuɗin daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Tashar da Jirgin Nilu ke tashi tana Bahri, sai ya ratsa Khartum ya haye Shuɗin Nilu. Umdurman kuwa ba ta kan babban layin dogo, mutuminta dole ya haye kogi, kuma gadar Shambat da ke haɗa ta da Bahri ta karye a watan Nuwamban 2023. Kuɗin wannan zirga-zirga yana cikin kuɗin tafiya.

Na biyu, yawan mutane da kaya. Bambancin da ya yi kaɗan a tikiti ɗaya yana zama babba ga mai iyali bakwai. Jirgi kuma ya fi mota haƙuri da buhu da akwati.

Na uku, lokaci. Ga mai aikin yini, awa uku kuɗi ne. Ga ɗalibin da zai iya buɗe littafi a kujerarsa, awa ukun ba su tafi a banza ba.

Na huɗu, tabbas. Tikitin jirgin da ba a san ranar tashinsa ba ya fi kowane tikiti tsada, domin akwai kuɗin kwana da abinci a tasha.

Na biyar, lafiya da aminci. Ba a rubuta wannan a jikin tikiti, amma duk wanda ya taɓa jinyar wanda ya yi haɗarin mota ya san farashinsa. A nan ne kuma matafiyi yake duba ko zai samu ruwan alwala da sararin yin salla a kan lokaci.

Mu a Najeriya ma mun gani

Masu karatunmu na Najeriya sun san wannan lissafi a layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016. Da masu garkuwa da mutane suka addabi titin, manya da ƙanana suka koma jirgi. Kujeru suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, sai 'yan cuwa-cuwa suka shiga tsakani suna saye tikiti suna sayarwa da tsada, har aka kawo sayar da tikiti ta intanet a farkon 2021. Wannan ya nuna wani abu. Idan farashin hukuma ya yi ƙasa da abin da mutane ke shirye su biya, kuma kujeru ba su isa ba, bambancin ba ya zama a aljihun talaka. Yana tafiya aljihun ɗan cuwa-cuwa, dogo bai samu ko sisi na gyara ba. Harin ranar 28 ga Maris 2022 kuma, wanda ya tsayar da jirgin har zuwa Disamba, ya tuna mana cewa tsaron hanya ma yana cikin abin da tikiti ya kamata ya biya. Yanzu da ake aikin layin Kano zuwa Maraɗi, tambayar nan tana jiran mutanen Katsina da Daura da Maraɗi su ma.

Wane farashi ne adalci?

A fahimtarmu, farashin adalci yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, a dawo da dakon kaya kan dogo, domin shi ke sauke wa fasinja nauyi. Na biyu, a riƙe hikimar darajoji, mai son sanyi da faɗin kujera ya biya da kyau, a bar wa mai ƙaramin ƙarfi daraja mai sauƙi wadda ba ta zubar da mutunci. Na uku, idan gwamnati ta ga dacewar a sauƙaƙa wa ɗalibai ko masu komawa gida ko mutanen yankuna masu nisa irin Darfur, to ta faɗi nawa ne tallafin, ta rubuta shi a kasafi, ta kuma biya hukumar jirgi a kan lokaci. Tallafin da aka yi shelarsa ba a biya ba, daga kuɗin gyaran dogo ake cire shi. Na huɗu, a riƙa daidaita farashi kaɗan-kaɗan tare da sanarwa, kada a bar shi shekaru sannan a ninka shi dare ɗaya.

Mu fasinjoji ma akwai namu. Tikiti yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu. Hukuma ta ɗauki alƙawarin kai mutum wuri kaza a lokaci kaza, shi kuma ya ɗauki alƙawarin biya. Wanda ya hau ba tikiti, ko ya ba mai dubawa na goro don ya kau da kai, bai cuci wani baƙo ba, dukiyar jama'a ya ci, kuma maƙwabcinsa ne zai biya a tafiya ta gaba. Haka wanda ya saye kujeru ya ɓoye don ya tsauwala wa mabukata, da wanda ya kwance ƙarfen dogo ko wayar tasha ya kai wa 'yan gwangwan. Ya kamata malamanmu su riƙa tunatarwa a kan wannan, musamman yanzu da ake ƙoƙarin tayar da abin da yaƙi ya rusa. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai kuma suna iya yin abin da kakanninmu suka saba yi a zango, wato a haɗa kuɗin hanya a ba wanda ya maƙale.

Kakanninmu sun yi shekaru suna tsinkar auduga don su sayi tikiti ɗaya, domin sun san abin da yake saya musu. Mu ma idan jirgi ya dawo Khartum, kada mu tsaya a tambayar nawa ne. Mu tambaya ko kuɗin zai isa a gyara hanyar, wa zai cike abin da ya rage, kuma ko jirgin zai sake tashi gobe. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.